Allon zamiyar ƙanƙara: wanne ne daidai ƙafarka, wanne ne ya fi ƙarfinka?

Na san wani zai ce me ya haɗa mazaunin Agege ko Idi-Araba da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, mu da ko hunturu sai ya ga dama yake leƙo mu. Toh amma duk mai bin harkar mutanenmu ya san abin ya canza. 'Yan kasuwarmu yau suna Dubai gobe suna Istanbul jibi Gwanzu, yaranmu na karatu a Kanada da Turkiyya da Ingila, kuma da Disamba ta kama sai ka fara ganin hotuna a waya, Alhaji da iyalinsa cikin hular kwano a Ski Dubai, wurin zamiyar ƙanƙara na cikin gini. Wasu sun gwada sun ce a kai kasuwa, wasu kuwa abin ya shiga ransu har sun kai ga tambayar wane allo za su saya ko wanne za su karɓa haya. Su nake wa wannan bayanin. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi da tsawo shi ne yadda muke yin tambayar, kullum "wanne ne babba, wanne ne orijinal, wanne ƙwararru ke hawa", kuma a wannan harkar haka ake ɗauko allon da ya fi ƙarfin ƙafa, ƙarshe a gwiwa ake jin sa.

Irin allon da nake magana a kai shi ne wanda masu shago ke ce wa kabin siki, guda biyu ake hawa, kowace ƙafa da nata, ni dai zan riƙa ce masa allon yanka, wanda aka yi don shan kwana a kan hanyar da aka gyara. Shimfiɗa ɗaya a ƙasa ka tsaya ta samansa ka duba. Kansa faffaɗa ne, ya zo tsakiya wajen da ƙafa ke zama ya tsuke, ya je wutsiya ya sake buɗewa. Gefe da gefe akwai siririn ƙarfe mai kaifi tun daga kai har wutsiya. Yanzu durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa, za ka ga tsakiyar ba ta taɓa ƙasa ba, akwai ɗan fili da haske ke wucewa, kusa da kai da kusa da wutsiya ne kawai ke zaune. Wannan ɗan doron shi ake ce wa kamba. In ka hau ka kwantar da allon a gefensa, nauyinka zai danne tsakiyar har ta kai ƙasa, allon ya lanƙwashe, kaifin ya nutse cikin ƙanƙara ya bi wannan lanƙwasar. Kenan ba kai ne ke murɗa allon da ƙarfin ƙafa ba, kwantar da shi kake yi shi kuma ya sha kwanar da kansa. Duk sauran maganar da za mu yi, tsawo ne, tauri ne, faɗi ne, kan tambaya ɗaya take komawa: da nauyinka da gudunka, za ka iya lanƙwasa wannan allon ko ba za ka iya ba?

Siffar ba sabuwa ba ce ɗungurungum, tun wajajen 1860 zuwa 1870 wani mutumin yankin Telemark a Norway, Sondre Norheim, yana sassaƙa allo mai ɗan tsukakken ƙugu. Amma tsukewar kaɗan ce, har farkon shekarun 1990 allunan kusan miƙaƙƙu ne, babban mutum na hawa mai tsawon mita 2 ko fiye, shan kwana mai tsafta kuwa sai ƙwararru. A 1993 kamfanin Elan na Slovenia ya fito da SCX mai zurfin ƙugu, a 1996 kuma wani matashi, Bode Miller, ya hau K2 Four ya yi ta lashe tsere a gasar matasa ta Amurka. Kafin 2000 kusan kowane kamfani ya koma wannan siffar. Na kawo wannan ne saboda har yau tsoffin miƙaƙƙun suna yawo a kasuwar gwanjo ta intanet da arha, kar wani ya ga tsawo da sheƙi ya ɗauka ya yi tsintuwa.

Toh mu zo kan lambobin da ke jikin allo, don nan ne gaskiyarsa take, ba a fentin ba. Kusa da wutsiya ko wajen tsakiya za ka ga an rubuta abu kamar 122-72-104, sai R 14, sai 170. Ukun farko faɗi ne a milimita, na kai, na ƙugu, na wutsiya. 170 tsawonsa ne a santimita. Shi kuma R 14 nufinsa in da za a ci gaba da zana lanƙwasar gefen allon har ta zagayo ta haɗe, da'irar da za ta fito, daga cibiyarta zuwa bakinta mita 14 ne. Ƙaramar lamba, gajeriyar kwana mai saurin juyawa. Babbar lamba, doguwar kwana mai son fili da gudu. Masu 11 zuwa 13 su ne na kwana kusa-kusa irin na tseren silalom, wato tseren da ake ratsawa tsakanin sanduna, 14 zuwa 17 su ne tsaka-tsaki kuma nan ne mafi yawanmu ya kamata mu tsaya, daga 18 zuwa sama an shiga dogayen kwana. Don ka ga tazarar da ke tsakaninmu da 'yan gasa, hukumar wasan ta duniya FIS ta ƙayyade wa maza a babban silalom allon da bai gaza santimita 193 ba kuma R ɗinsa bai gaza mita 30 ba. A kakar 2012 zuwa 2013 ma sai da ta kai shi 35 saboda damuwa da yawan raunin gwiwa, daga baya ta dawo da shi 30. Kaga ko a wajen waɗanda sana'arsu kenan, wannan lambar magana ce ta lafiyar jiki.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mai koyo ba. R ɗin nan ba shi ne girman kwanar da za ka sha ba, iya kwantarwarka iya tsukewar kwanar. Allo mai R 14 in ka kwantar da shi digiri 45 zai ba ka kwana wajen mita 10, in ka kai shi digiri 60 ta koma wajen 7. Amma kwantarwa sai da gudu. Duk wanda ya taɓa hawa bayan ɗan okada ya san wannan a jikinsa, in yana gudu ya zo kwana sai ya kwantar da mashin ɗin kuma gudun ne ke riƙe ku, amma ya gwada wannan kwantarwar yana tafiya a hankali, ku biyun sai ƙasa. Shi ya sa in ka ba mai koyo allo mai R 19 ko 21, shi ba zai iya gudun da allon ke so ba, allon kuma ba zai juya ba sai da wannan gudun, sai ya miƙe da shi sambal, tsoro ya kama shi ya koma baya ya zauna a kan dugadugansa, wanda shi ne mafi munin tsayuwa a wannan wasan, daga nan kuma ba shi ke iko da ƙafafunsa ba. Na ga hakan da idona ba sau ɗaya ba, mutum mai ƙarfi lafiyayye yana haɗa gumi cikin sanyi yana ganin shi ne ya kasa, alhali allon ne ba nasa ba.

Sai tauri, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci kuma shi ne ba a rubutawa da lamba. Cikin allo katako ne a tsakiya, an lulluɓe shi da faiba ko kabon, masu arha na 'yan koyo wasu roba mai kumfa ce a ciki. Na manya kuwa ana saka musu siririn faranti na wani ƙarfe da ake kira Titanal, wanda galibinsa alminiyam ne, wani shimfiɗa ɗaya wani biyu, sama da ƙasa. Amfanin farantin shi ne yana kashe karkarwa in ana gudu kuma yana sa kaifi ya riƙe a kan ƙanƙara mai tauri, allon ba ya murɗewa. Wallahi in ƙafarka ta kai, hawa irin wannan allon daɗi ne da ba ya misaltuwa, shiru kake ji a ƙarƙashinka. Amma yana da nauyi, kuma sai ka danna shi da gaske yake lanƙwasa, in kuma ka yi kuskure ka bar nauyinka a baya wutsiyarsa za ta harba ka gaba. Mai laushi yana yafe kuskure, ka goge kwana a karkace ya bar ka, ka taka burki ya tsaya. A shago kana iya gwadawa: tsayar da allon a wutsiyarsa, riƙe kansa da hannu ɗaya, ɗaya tafin hannun ka tura tsakiyarsa. Yi wa biyu ko uku haka a jere za ka ji bambancin nan take, wani na bin hannunka wani kamar ba ka taɓa shi ba.

Kuma a kula da sunaye. Atomic na da Redster, Rossignol na da Hero, Fischer na da RC4, Head na da Supershape, Völkl na da Racetiger, Stöckli na da Laser. Kowane suna gida ne mai 'ya'ya da yawa. A Redster misali S9 na gajeriyar kwana ne, G9 na doguwa, X9 a tsakani, kuma akwai ƙannensu masu ƙaramar lamba masu laushi, fenti kusan iri ɗaya. Saboda haka cewa "Redster nake so" ba magana ba ce da ta ƙare. Na sama-saman nan da maɗaurinsu, wato abin da ke riƙe takalmi a kan allo, suna kaiwa Yuro 1,000 har su haura, kuma tsadar ta ƙarfe da tauri ce, ba ta sauƙin hawa ba. Ga mai koyo, sau da yawa mai rabin kuɗin ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu kai kuma a ina kake? Nan ne sai mutum ya gaya wa kansa gaskiya, kuma akwai hanyar da ba ta ƙarya. Da safe a sabuwar hanya mai sauƙi, sha kwana huɗu ko biyar ka tsaya gefe ka waiga ka kalli sawunka. In har yanzu kana haɗa kawunan alluna kana buɗe wutsiyoyi don rage gudu, kai mai koyo ne, kuma ba abin kunya ba ne, kowa daga nan ya fara. In allunanka na tafiya a jere amma sawun ya fito faffaɗa a goge, kana tsakiya, kuma nan ne akasarin masu zuwa hutu suke ko da sun shekara goma suna zuwa. In ka ga sirara layi biyu masu tsafta sun lanƙwasa tare, toh ka fara yanka. In kana iya fitar da layin nan biyu a jar hanya mai tauri ba tare da ka ji tsoro ba, kai ne masu farantin ƙarfe biyu ke nema. Launukan hanya kuwa, a Turai shuɗi ne mai sauƙi, ja tsaka-tsaki, baƙi mai tsanani, Faransa ta ƙara kore na 'yan fari. A Ostiriya da Jamus shuɗiya ba ta wuce gangarar kashi 25 cikin 100, ja ba ta wuce 40. A Amurka da Kanada babu ja, kore ne da shuɗi da baƙi, don haka shuɗiyar can tana iya kai jar Turai, yaranmu na Kanada a lura.

Ni shawarata ga duk wanda ya taso daga Legas, duk matakin da ka ba kanka, wajen zaɓen allo ka sauko rabin mataki. Dalili biyu ne. Na farko, mu ba kowane mako muke hawa ba, wani sai bayan shekara, cinya ta manta aikin, rayuwarmu a nan kuma zama ce a mota cikin gosulo da zama a shago ko ofis. Na biyu, Legas a bakin teku take. Ka tashi daga Ikeja jiya, yau kana kan tsauni mai tsayin mita 2,000 zuwa 3,000 inda iska ta yi ƙaranci, numfashi na yankewa, kafin azahar ƙafa ta fara rawa. Allon da ka ji daɗinsa ƙarfe tara na safe shi ne zai wahalar da kai ƙarfe biyu na rana, kuma gajiya ce ke kawo faɗuwa mai muni. Bature da ya tashi a gindin tsauni yana iya hawa mai tauri yini guda, kai da shi ko iyawarku ɗaya jikinku ba ɗaya ba ne a wannan makon.

Tsawo ba shi da wahala. Tsayar da allon a gabanka: mai koyo ya tsaya tsakanin haɓa da hanci, na tsakiya hanci zuwa goshi, ƙwararre goshi zuwa saman kai. Mutum mai tsawon santimita 175 kenan zai fara wajen 155 zuwa 160, ya koma 163 zuwa 168, daga baya 170 da ɗoriya. Sai dai nauyi na gyara wannan lissafin, tunda nauyi ne ke lanƙwasa allo. Mai jiki ya ƙara 'yan santimita ko ya nemi mai ɗan tauri, siriri ya rage. Na gajeriyar kwana dama gajeru ake hawansu, ko 'yan gasar silalom maza 165 suke hawa mata 155, kuma waɗannan ƙarti ne. A allo iri ɗaya ma in tsawo ya ƙaru R na ƙaruwa, don haka ka karanta wanda ke jikin saiz ɗin da ke hannunka. Hajiyoyinmu kuma, allunan da aka ce na mata galibi sun fi sauƙin nauyi da laushi ne kawai, mace mai ƙarfi ba dole sai su ba. Yara ƙirji zuwa haɓa, kuma haya za a yi musu don kafin baɗi sun wuce shi. Dan Allah a nan a kula da mayafi da dogon gyale, a sa ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano a cusa bakinsa cikin jaket, don abin da ke lilo yana iya maƙalewa a kujerar lif, wato wadda ke ɗaukar mutane zuwa saman tsauni.

Sai wurin da za ka, wanda shi ke yanke maganar faɗin ƙugu. Siririn ƙugu, 65 zuwa 70, yana saurin juyawa daga wannan kaifi zuwa wancan kuma yana cizon ƙanƙara mai tauri, amma da ya shiga dusa mai laushi sai ya nutse ya fara kama ƙafa. 72 zuwa 78 shi ne na yini guda a gyararriyar hanya. 80 zuwa 88 ya ɗan rage kaifin juyi amma yana hawa kan tarin dusa ba ya tono. Daga 95 zuwa sama an bar maganar yanka an shiga ta sabuwar dusa mai zurfi irin ta Hokkaido a Japan, kuma in ka ɗauko irinsa ka hau hanya mai tauri sai ka yi ta kokawa kafin ya tsaya a kaifinsa, idon sawu da gwiwa na shan wahala a banza.

In iyakarka na cikin gini ne, wato Ski Dubai da ke Mall of the Emirates tun 2005, wanda doguwar hanyarsa wajen mita 400 ce, ko Ski Egypt da aka buɗe a 2017 a wajen Alƙahira, ko wanda ke Gwanzu, toh gajere kake so mai R 11 zuwa 14. Lissafi ne mai sauƙi, hanyar gajera ce kuma cike da mutane, da gajeriyar kwana za ka samu juyi da yawa kafin ka kai ƙasa, da doguwa kuwa kafin ka daidaita ka iso layin lif. Kuma a nan allo na cikin kuɗin tikiti, aikinka kawai ka kula da tsawon da aka miƙo maka.

Turkiyya ita ce nake ganin ta fi mana sauƙi in mutum na son tsauni na gaske, ga jirgi kai tsaye daga Legas zuwa Istanbul, ga abincin halal ba sai ka yi ta tambaya ba. Uludağ na saman Bursa, Palandöken na Erzurum inda aka yi gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011 kuma akwai hanyoyi masu tsanani, sai Erciyes a Kayseri, tsauni mai tsayin mita 3,917 da hanyoyi masu faɗi da tsawo, sama babu bishiyoyi. A irin wannan filin ne R 15 zuwa 17 ke nuna kansa, ka saki kwana ta yi faɗi ka ji allon na ɗauke da kai. Wurare masu tsayi marasa bishiya iska na share dusar sama ta bar mai tauri, don haka kaifi mai kyau ya fi faɗi amfani.

Tsaunukan Alps na Faransa da Ostiriya da Suwizalan da Italiya kuwa hanya ɗaya tana da fuska biyu a yini. Da daddare motoci masu sarƙa suna bi su daddaɓe ta, da safe ka same ta sumul da tauri, nan siririn ƙugu ke sarauta. Zuwa la'asar, musamman a Maris da rana ta fara zafi, dubban ƙafafu sun tattara dusar ta zama tudu-tudu mai nauyi da ruwa, nan kuma mai 68 zai gajiyar da kai mai 78 ko 80 ya wuce lafiya. Tunda mu in mun biya kuɗin jirgi da biza ba ma sauka daga tsauni sai an rufe lif, ni 74 zuwa 80 nake ba mutanenmu shawara. Gabashin Kanada da gabashin Amurka an san su da ƙanƙara mai tauri da dusar inji, ita kuma dusar inji ta fi ta sama nauyi da daskarewa, don haka ɗalibanmu na Ontario su karkata wajen siriri. A nan Afirka akwai Afriski a tsaunukan Maluti na Lesotho, lokacinsa Yuni zuwa Agusta kuma yana dogaro sosai da dusar inji, sai Oukaïmeden a Maroko kusa da Marrakesh inda dusar ke zuwa wata shekara da yawa wata kaɗan. In ta yi kaɗan duwatsu na leƙowa, ba wurin kai allo mai tsada ba ne.

Duk wannan bayanin zai tashi a banza in takalmi bai zauna ba, domin ta takalmi ne umarnin ƙafarka ke isa kaifi. Saiz ɗinsa tsawon ƙafarka ne a santimita, 27 ko 27.5 da makamantansu, ba 43 ko 44 da muka saba ba. Shi ma yana da lambar tauri, mai koyo namiji wajen 70 zuwa 90, na tsakiya 90 zuwa 110, 120 da 130 na ƙwararru ne, mata ƙasa da haka, kuma lambar wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. In ka tsaya a miƙe yatsu su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya kuma kar ta ɗaga. Mu saboda tsoron sanyi sai mu sa safa biyu ko uku mu cusa ƙafar wando ciki mu nemi babban saiz, toh wannan ne ke sa ƙafa ta yi ta yawo a ciki, ƙauri ya goge, yatsu ma su fi yin sanyi don jini ba ya gudu. Safa ɗaya doguwa siririya ta isa.

Maɗaurin da ke riƙe takalmi a kan allo an yi shi ne ya sake ka in ka faɗi kafin ƙashi ko jijiya ta ji. Akwai ɗan gilashi gaba da baya da lambobi a ciki, ita ce lambar DIN. Mai shago zai tambaye ka nauyi, tsawo, shekaru, da irin hawanka, ya duba tsawon tafin takalmin a milimita, sannan ya saita. Yara 'yan ƙasa da 10 da manya daga 50 ana sassauta musu. Dan Allah Alhaji kar a rage shekaru, kar a rage kilo, kar a ce an iya alhali ba a kai ba, kuma kar wani aboki ya ɗauki sukudireba ya ce bari ya ƙara maka don yana saurin cirewa. Gwiwa ce gaɓar da aka fi ji wa rauni a wannan wasan, kuma aikin jijiyar gwiwa watanni yake cinye wa mutum, ga mai shago a Mile 12 ko Alaba wannan asara ce babba. In takalminka na GripWalk ne, wato mai tafin roba, a tabbatar maɗaurin na karɓarsa, don tsoffi ba duka ke karɓa ba.

Saya ko haya? Ga mazaunin Legas ni kam haya, sai dai in abin ya kama ka sosai ka sayi takalmi naka, wanda ya fi allo cancantar kuɗinka. Jakar allo ta kusa mita 2, kamfanonin jirgi da yawa suna lissafa ta daban, ka ja ta daga nan har can, sannan ka dawo da ita garin da damina ke ɗaukar wata shida da iska mai gishiri in kana ɓangaren Lekki ko Ajah. Kaifin nan ƙarfe ne, 'yan makonni a cikin laima ya isa ya yi ja da tsatsa. Wanda ya riga ya saya, ya shanya shi ya bushe sarai, a shafe ƙasansa da kaifinsa da kaki mai kauri kar a kankare sai za a sake hawa, ya ajiye a ɗaki mai iska ba a sito ko but ɗin mota ba. Takalmin ma a cire na cikin a shanya, a ɗaure maɓallansa sako-sako, don zafi da laima suna tsufar da robar har wata rana ta tsage. Masu son tokumbo kuma su haɗa allunan biyu ciki da ciki su ga ko doron na nan ko ya kwanta, su bi kaifin da farce su ji ko an wasa shi har ya sirance, su duba ko kai ko wutsiya sun fara ɓarewa, sannan su tambayi shekarun maɗaurin don akwai tsoffin da shaguna ba sa yarda su saita.

Babban amfanin haya shi ne canji, mafi yawan shagunan bakin tsauni suna barinka ka mayar ka ɗauki wani, tambaya kawai za ka yi tun ranar farko. Ka gaya wa mai shagon launin hanyar da kake hawa hankali kwance, ko sawunka gogagge ne ko layi biyu, da irin kwanar da kake so, ka ce masa kuma yaushe rabonka da hawa. Sannan ka saurari ƙafarka. In allon na miƙewa yana ƙin juyawa, cinyarka na zafi tun kwana na goma, kullum kana jin kanka a baya, ya yi maka tauri ko tsawo, sauko. In kana gudu kansa na kaɗawa yana karkarwa, ko ka kwantar da shi a wuri mai tauri ya zame daga ƙarƙashinka, toh ko dai ka wuce shi ko kaifin ya dakushe, fara goga bayan farcenka a kaifin, in bai kankaro komai ba wasawa yake so ba canji ba. In kuma yana fizgar ka cikin kwana tun ba ka shirya ba, R ɗin ya yi maka ƙanƙanta a wannan filin, koma ka ce a ba ka mai 15 ko 16 a tsawo ɗaya ka sake gwada hanyar da ka sauko yanzu.